Waiwaye: Shin Kifin Bas da Aka Saka Yana Razana 'Yan Uwansa?

A tafkunan Amurka da Kanada, masu fatsa sun daɗe suna sa-in-sa a kan tambaya guda: idan aka kama kifin bas (wani kifin tafki da kogi da ake yawan kamawa don nishaɗi) aka mayar da shi ruwa nan take, shin sauran kifayen da ke kusa za su daina cin koto? Wasu sun yi imani da hakan har suna ajiye kifin a tankin kwale-kwale sai sun bar wurin kafin su sake shi, wasu kuwa suna ganin camfi ne.

Tushen zancen ba daga bas ya fito ba. A shekarar 1938, Karl von Frisch, masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya lura cewa idan ya mayar da wani ɗan ƙaramin kifin kogunan Turai cikin garkensa da rauni a jiki, sauran sukan watse a firgice. Ya gano cewa wani sinadari ne ke fita daga fatar da ta yage ya bi ruwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan baiwa ta shahara a cikin wani babban dangi na kifaye wanda tarwaɗa ma tana cikinsa, sai dai bas ba ɗan wannan dangi ba ne.

Tambayar ba ta dami masu kama bas ba sai da sakin kifi ya zama al'ada. Lee Wulff, wani shahararren mai fatsa ɗan Amurka, ya fara kiran a riƙa sakin kifin da ake kamawa don nishaɗi tun 1939, amma abin ya kankama ne a 1972, lokacin da Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kama bas ta B.A.S.S., ya sa gasannin ƙungiyar suka koma mayar da kifi ruwa da ransa. Daga nan aka fara sakin kifaye masu ɗimbin yawa, kuma masu gasa, waɗanda kuɗi ke kan kowane kamu nasu, suka fara zargin cewa wanda aka saka yana ɓata musu wuri.

Abin da masana suka fara tabbatarwa shi ne kifi yana koyo daga wahalar da shi kansa ya sha. Wani masani mai suna Beukema ya nuna a ƙasar Holan a 1970 cewa kifin kaf (carp, wani kifin tafki) da ƙugiya ta taɓa kamawa sau ɗaya yakan yi wuyar sake kamuwa har tsawon shekara. A tafkin Ridge na jihar Ilinoi kuma, David Philipp da abokan aikinsa sun wallafa a 2009 cewa saurin faɗa wa ƙugiya abu ne da bas ke gada daga iyaye, wato kama masu zalama a kai a kai yana barin tafki da zuriyar masu taka-tsantsan. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da kamu ke raguwa a wurin da aka matsa wa lamba, ba tare da wani kifi ya gargaɗi wani ba.

Gwajin da ya tunkari tambayar kai tsaye ya zo a makare. A 2019, Michael Louison da abokansa sun haɗa bas da suka san ƙugiya da waɗanda ba su santa ba a kududdufai, suka tarar cewa zama da gogaggu bai sa sababbin sun guje wa kamu ba. Shekara guda bayan haka, wani bincike a kan kifin kaf ya samu akasin haka, domin waɗanda suka zauna tare da masu kamuwa sun ƙara wayo. A ganina, kuskuren masu fatsa shi ne ɗaukar halin wani kifi su ɗora wa bas. Hasali ma, an ga cewa ƙananan bas suna tsorata da ƙamshin raunin wasu kifaye, amma idan sun girma sai ƙamshin ya zama musu alamar abinci.

Inda tasirin kama bas a sake shi yake a fili shi ne lokacin ƙwai. Namijin bas ne ke gadin gurbi a bazara, kuma da zarar an ɗauke shi, ko da na ɗan lokaci ne, ƙananan kifaye sukan afka wa ƙwan. A tafkin Iri da ke tsakanin Amurka da Kanada, wani ƙaramin baƙon kifi mai suna gobi, wanda aka fara gani a kogin Sen Kila a 1990, ya tsananta wannan ɓarna, lamarin da ya sa jihar Ohayo ta hana riƙe bas daga tafkin a lokacin ƙwai a shekarar 2004. Namijin da aka saka yakan koma gurbinsa a gajiye, kuma idan ya tarar an cinye yawancin ƙwan, sau da yawa yakan yi watsi da sauran.