Ƙuda na yini a kan ƙazanta, me ya hana bakteriya ta gama da shi?

Ƙuda na sauka a kan mushe, kyankyaso na kwana cikin datti. Ko cuta ba ta kama su ne?

Tana kama su, wasu ma tana kashe su. Sai dai kafin bakteriya ta kai ga cikin jikin ƙwaro akwai aiki a gabanta. Ɓawon da ya lulluɓe shi an gina shi da wani sinadari mai tauri da ake kira kaitin, ga kuma wani maiƙo a samansa. Ta baki ma ba sauƙi: a yawancin ƙwari akwai wani siririn mayafi da ya raba abincin da aka haɗiye da bangon hanji, kuma hanjin kan fitar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin cuta idan suka yi yawa.

To idan ɓawon ya huje fa?

Nan ne haɗarin yake. Jinin ƙwaro ba a cikin jijiyoyi yake bi irin namu ba, kwance yake cikin ramin jiki, gaɓoɓi na jiƙe a cikinsa. Bakteriyar da ta samu ƙofa ta samu hanyar zuwa ko'ina ke nan.

Masu bincike kan ɗauki tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, su tsoma siririyar allura cikin bakteriya, su ɗan soke ta. Kafin wani lokaci jinin ya daskare a bakin raunin, sai wani baƙin ɗigo ya bayyana a wurin. Wannan baƙin melanin ne, dangin abin da ke ba fatar mutum launi. Ƙwaro yana amfani da shi wajen toshe rauni, kuma a garin haɗa shi ne ake samun wasu sinadarai masu guba da ke hallaka bakteriyar da ke kusa. A can ciki kuma ƙwayoyin jini na bin waɗanda suka kuɓuce suna haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Idan abin ya fi ƙarfin haɗiya, kamar ƙwan da wata rina kan dasa a jikin tsutsa, sai su taru su yi masa rumfa, hawa kan hawa, har ya mutu a ciki.

An ce ƙwari na haɗa maganin kashe bakteriya da kansu. Gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina wannan ne ya fi komai burgewa. A jikin ƙwaro akwai wani kitse da ke yin aikin da hanta ke yi mana. Da cuta ta shiga, cikin 'yan sa'o'i wannan kitsen zai fara zuba ƙananan furotin a cikin jini, masu huda fatar bakteriya har abin da ke cikinta ya tsiyaye. Hans Boman, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna a 1972 cewa ƙudan da aka fara sa wa bakteriya marar lahani yakan jure mai lahanin idan ta biyo baya. A 1981 shi da abokan aikinsa suka bayyana tsarin irin wannan furotin da suka ciro daga wani babban malam-buɗe-littafin dare na Amurka ta Arewa, suka sa masa suna sekrofin. Daga baya aka gano ire-irensa a fatar kwaɗo, har da jikin mutum.

Yaya jikin yake gane irin cutar da ta shigo?

Da bangonta yake gane ta. Tun 1884 Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya fito da wani rini da ya raba bakteriya gida biyu bisa yadda bangonsu yake. Jikin ƙuda ma kusan haka yake rabawa. Yana da furotin masu gadi da ke kama gutsuttsarin bangon, sai su tada ɗaya daga cikin hanyoyin saƙo biyu. Hanyar da ake kira Imd ta fi kula da bakteriyar da ba ta riƙe rinin, irin su Ikolai da ake samu a hanjin mutum. Hanyar Toll kuwa ta fi kula da masu riƙe rinin da kuma funfuna.

Labarin Toll ɗin da ban dariya, domin ba wajen binciken cuta aka gano shi ba. A ɗakin binciken Christiane Nüsslein-Volhard a Jamus aka san shi, a matsayin ƙwayar gadon da ke nuna wa ɗan tayin ƙuda ina ne baya, ina ne ciki. Sai a 1996 Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann, a birnin Strasbourg na Faransa, suka ga cewa ƙudajen da Toll ɗinsu ya lalace funfuna kan cinye su har ta tsiro a bayansu. Bayan shekara biyu Bruce Beutler ya nuna cewa ɗan'uwan Toll ne ke gane bakteriya a jikin ɓera. Mutum ma yana da irinsa guda goma. Hoffmann da Beutler sun samu kyautar Nobel a 2011.

Ƙwaro na tuna cutar da ta taɓa kama shi?

Ba irin tunawar da jikinmu ke yi ba, tunda ba shi da antibodi, wato furotin ɗin da jikinmu ke haɗawa don gane cutar da ta taɓa shigarsa. Amma akwai wani ɗan shiri da uwa kan gadar wa 'ya'yanta. Sarauniyar zuma kan saka gutsuttsarin bakteriya cikin ƙwanta ta hanyar furotin ɗin gwaiduwa, sai tsutsotsin su fito da garkuwarsu a faɗake. A kan wannan aka dogara wajen haɗa rigakafin wata cuta da ke ruɓar da tsutsotsin zuma, wanda ma'aikatar noman Amurka ta ba da izinin wucin gadi a kansa, aka sanar a farkon 2023. Ba allura ake yi ba, a abincin sarauniya ake sa shi.

Akwai bakteriyar da ta fi ƙarfin duk wannan?

Akwai, kuma manoma sun daɗe da saninta. Sunanta Bacillus thuringiensis, ana kiranta Bt a taƙaice. A 1901 aka fara ganinta a Jafan tana kashe tsutsar siliki. Ita ba ta tsayawa faɗa da jini tun farko: gubarta tana nan a daskare kamar ƙwayar gishiri, tsutsa ta ci da ganye, ruwan hanjinta ya narkar da ita, gubar ta manne a bangon hanji ta yi ta huda shi. Tsutsar sai ta daina ci, abin da ke hanji ya kwarara cikin jini, cikin kwana kaɗan ta mutu. Hanjin mutum ba shi da wurin da gubar ke mannewa, shi ya sa ake fesa ta a gonaki.