Wanda ya taɓa jinyar shaye-shaye, me doka ta ce ya faɗa wa kamfanin inshorar rayuwa?

A fom ɗin neman inshorar rayuwa akwai wani layi da yake tsayar da mutum da biro a hannu. Galibi yana zuwa ne bayan tambayar sigari da giya: ka taɓa shan ƙwaya ko wani abin maye ba da umarnin likita ba, ko an taɓa yi maka magani a kan haka? Gurbi biyu ne kawai, e ko a'a. Mutumin da ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, ya rabu da kodin shekaru da dama, ya yi aure, yana da shago da 'ya'ya, zuciyarsa a'a za ta raya masa. Abin da Allah ya rufa, me zai sa ya tona?

Masu wannan tarihi kuwa ba kaɗan ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. A shekarar ce ma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin matasan wancan lokaci yau magidanta ne, sun kai shekarun da ake tunanin abin da za a bar wa iyali.

Yarjejeniyar inshora ba kamar sauran ciniki ba ce. Kamfani bai san jikinka ba, bai san baya ba, abin da ka gaya masa shi yake ɗora lissafinsa a kai. Don haka doka ta ɗora wa mai nema nauyin faɗin gaskiya tsakani da Allah a kan duk abin da zai iya sauya shawarar kamfani, ko dai wajen karɓarsa ko wajen yanke kuɗin zubi. Ƙa'idar tsohuwa ce, daga dokar Ingila Najeriya ta gaje ta, kuma ana danganta ta da hukuncin alƙali Mansfield na 1766. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san cewa in ka sayar da sa kana ɓoye aibinsa, ranar da aibin ya fito mai saye na da ikon dawo maka da abinka. Tuba na wanke mutum tsakaninsa da Ubangijinsa, amma kamfani ba hisabi yake yi ba. Abin da yake aunawa shi ne yiwuwar koma wa shaye-shaye, da lafiyar hanta da ƙoda da zuciya, da cututtukan da ake ɗauka ta allura ga wanda ya taɓa yi wa kansa allura.

Sai dai nauyin yana da iyaka, kuma a nan dokar Najeriya ta fi tsohuwar dokar Ingila tausayi. Sashe na 54 na tsohuwar dokar inshora ta 2003 ya ce kamfani ne zai tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da bai tambaya ba kuwa ana ɗaukarsa marar muhimmanci. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, hukumar NAICOM kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin kamar da. Darasin da mai cika fom zai riƙe dai shi ne: ba a ce ka zauna ka zazzage tarihin rayuwarka ba, an ce ka amsa abin da aka tambaye ka, ka amsa shi cikakke.

Shi ya sa karanta tambayar da kyau ya fi komai. "Ka taɓa" daban, "a cikin shekara biyar da suka wuce" daban. In fom ya tsaya a shekara biyar, kai kuma rabonka da ƙwaya da asibiti shekara takwas, a'a ɗinka gaskiya ce. In ya ce "ka taɓa", to ko shekara ashirin ne, amsar e ce. Haka kuma wanda ba a kai shi asibiti ba, gidan mari aka kai shi ko wurin wani malami, kada ya ɗauka ya tsira don babu kati da sunansa a ko'ina. Tambayar sau da yawa kashi biyu ce, shan da kuma maganin, kashin farko ya riga ya haɗa da shi. Ga kuma tambayoyin da ke kewayowa ta bayan gida: an taɓa kwantar da kai a asibiti, kana shan wani magani yanzu, wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka?

Babban tarkon yana wurin wakilin kamfani, wanda ake kira ejan. Shi kamasho yake ci, so yake fom ya wuce. Za ka gaya masa gaskiya, ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ya wuce, bar shi kawai," ya karɓi biro ya cike maka, kai kuma ka sa hannu. Wancan sashe na 54 na tsohuwar dokar 2003 ya wajabta a rubuta a shafin farko na fom cewa wakilin da ya taimaka wa mai nema wajen cikewa, a madadin mai nema ya yi, ba a madadin kamfani ba. Wato a'ar da ya rubuta taka ce. Gaskiya ne sashen ya ƙara da cewa abin da ka shaida wa wakili, muddin yana cikin hurumin aikinsa, tamkar kamfani ka shaida wa. To amma wa zai tabbatar da an yi maganar? Ranar da za a buƙaci shaida kai kana kabari, matarka ce a gaban tebur da takardar mutuwa, kamfani kuma yana riƙe da fom mai sa hannunka. A ganina wannan ne wurin da doka ta fi barin talaka a rana, kuma maganinsa ɗaya ne: ka cike da hannunka, ko a karanta maka kowace amsa kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye inda iyali suka sani.

In an gano ƙarya, kamfani na iya neman warware yarjejeniyar tun daga tushe ya ƙi biyan magada. Doka tana sassauta wa ƙaramin kuskure da bai taɓa ainihin haɗarin ba, amma ba ta kare zamba, kuma ƙaryar ganganci a kan tambaya ƙarara nan take faɗawa. Ko da hatsarin mota ne ajali, kamfani zai iya cewa da ya san gaskiya da bai ƙulla yarjejeniyar a kan wannan farashi ba.

To in ka rubuta e fa? Ba kora ba ce kai tsaye. Za a so sanin me ka sha, tsawon wane lokaci, yaushe ka daina, ka taɓa komawa ko a'a. Ana iya tura ka gwajin jini da fitsari, a nemi rahoton likitan da ya duba ka. Daga nan kamfani zai karɓe ka a farashin kowa, ko ya ƙara maka kuɗin zubi, ko ya cire mutuwar da ta shafi ƙwaya daga abin da zai biya, ko ya ce ka dawo bayan wani lokaci, ko ya ƙi. Abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne tsawon lokacin da ka yi ba ka sha ba. Takardar sallama daga asibiti ko daga cibiyar gyaran hali ta NDLEA, wadda wasu ke ƙonawa don kunya, a nan ita ce hujjarka, domin ita ke nuna ranar da aka fara ƙirga. Kamfanoni kuma ba ma'auni ɗaya suke da shi ba, wanda wannan ya ƙi wancan na iya karɓa. Masu takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, su ma suna tambayar lafiya, tunda asusun na mahalarta ne gaba ɗaya.

Batun tonon asiri, wanda shi ne ainihin abin da ke sa mutane ƙarya, doka ta taɓa shi. Sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti fitar da bayanin majinyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da dokar ta lissafa. Izinin nan yana ƙarshen fom ɗin inshora, a ƙananan haruffa, kuma yawanci yana aiki har bayan mutuwa, ta nan ake gano abin da aka ɓoye. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya a cikin bayanai masu tsananin kariya. Kamfani ya karɓa ne don ya auna haɗari, ba shi da hurumin kai wa maigidanka a wurin aiki ko surukanka.

Ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin fansho yana da wata ƙofa da da yawa ba su san da ita ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rayuwa ta rukuni, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Da yake a dunƙule ake ɗaukar ma'aikatan, galibi ba a bin kowa da tambayoyin lafiya sai kuɗin inshorar mutum ya haura wani adadi. Sai dai tana tare da aikin ne, ranar da ka bar wurin ta bar ka. Wanda kuma yake ganin kamfani ya zalunce shi, ko magadan da aka hana kuɗi, suna iya kai ƙorafi a rubuce ga NAICOM kafin a kai ga kotu, su haɗa da kwafin fom ɗin, da takardar yarjejeniya, da rasit ɗin kuɗin zubi.