Waiwaye: Hanyar da Macklin Celebrini ya bi da katangar da ta rushe bayansa

A ranar 28 ga Yunin 2024, a birnin Las Vegas, ƙungiyar San Jose Sharks ta kira sunan Macklin Celebrini a matsayin na farko a zaɓen sabbin 'yan wasan NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Makonni biyu ke nan da cikarsa shekara 18. Wanda ya kalli bikin zai ɗauka baiwa ce kawai ta kai yaron wurin. Baiwar tana nan, babu musu. Amma akwai shawarar da aka tilasta wa shi da iyayensa yankewa tun bai kai sha shida ba, kuma labarin wannan shawarar ya girmi yaron da shekaru masu yawa.

Ga yadda abin yake a wancan lokacin. Yaron Kanada mai hazaƙa a wannan wasa yakan tarar da hanya ta rabu biyu a gabansa. Ta farko ita ce CHL, gamayyar gasannin matasa uku: WHL a yamma, OHL a Ontario, sai QMJHL a Quebec da gabashin ƙasar. 'Yan shekara 16 zuwa 20 ne ke bugawa, yaro ya bar gida ya zauna wurin iyalin da ke riƙonsa a garin ƙungiyarsa, ana ba shi ɗan alawus. Ta nan taurarin NHL Sidney Crosby da Connor McDavid suka bi. Ta biyu ita ce jami'o'in Amurka, ƙarƙashin hukumar NCAA, inda ake haɗa wasa da karatu. Matsalar ita ce tsawon shekaru NCAA tana kallon CHL a matsayin gasar masu cin abinci da wasa, saboda wannan alawus da kuma kasancewar wasu 'yan wasan sun riga sun sa hannu a kwantiragin NHL. Don haka a lokacin, duk yaron da ya buga wa ƙungiyar CHL wasa, ƙofar bugawa jami'a ta kusan rufe masa ke nan. A ganina wannan nauyi ya fi ƙarfin ɗan shekara sha biyar, wanda ko gemu bai fara ba, balle ya san ko jikinsa zai kai shi inda yake buri.

An haifi Celebrini a ranar 13 ga Yunin 2006, ya tashi a North Vancouver. Mahaifinsa Rick tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne da ya koma ƙwararren mai kula da lafiyar jikin 'yan wasa, kuma a 2018 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors ta ɗauke shi aiki. Iyalin suka koma California, yaron ya shiga ƙungiyar yara ta San Jose Jr. Sharks. Daga nan sai makarantar kwana ta Shattuck-St. Mary's da ke Faribault a jihar Minnesota, inda ya yi shekara biyu. Makarantar ta shahara a wannan fage. Crosby ya zauna a can kafin ya koma Rimouski ta CHL, Jonathan Toews ma ya zauna kafin ya wuce Jami'ar North Dakota, kun ga tun a can hanyoyin biyu suke rabuwa.

Ƙungiyar Seattle Thunderbirds ta WHL ta zaɓe shi a 2021, tana fatan zai zo. Bai je ba. Ya nufi Chicago Steel da ke USHL, gasar matasa ta Amurka, wadda NCAA ba ta hana 'yan wasanta shiga jami'a. Steel ta riga ta zama matattarar irin waɗannan yaran Kanada, domin Owen Power da Adam Fantilli duk ta nan suka ratsa zuwa Jami'ar Michigan.

Kakar 2022 zuwa 2023 ce ta sa kowa ya waiwayo. Yana ɗan shekara 16, cikin waɗanda wasunsu suka ba shi shekara uku ko huɗu, ya zura 46 a raga, ya tara maki 86 a wasa 50. A hoki, maki na nufin abin da ɗan wasa ya ci da wanda ya bayar aka ci. Ya lashe kyautar gwarzon gasar da ta gwarzon sabon shiga a lokaci guda. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18 a Suwizalan, shi ya ci wa Kanada cin da ya ba ta tagulla a kan Slovakia a ƙarin lokaci. Bayan haka aka yi masa aiki a kafaɗa.

Ya gama sakandare da wuri, ya shiga Jami'ar Boston yana da shekara 17, tare da yayansa Aiden. Nan ne abin ya fi burge ni, domin hokin jami'a ba wasan yara ba ne. Akwai 'yan shekara 23 da 24, ƙarti da suka cika suka batse, kuma wasa ne da ake banke mutum a jikin allon fili. Duk da haka ya ci 32, ya tara maki 64 a wasa 38. Boston ta kai zagayen huɗun ƙarshe na ƙasa, Denver ta fitar da ita da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci. Aka ba shi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa samunta. 'Yan ajin farko uku kacal suka riga shi: Paul Kariya a 1993, Jack Eichel a 2015, da Fantilli a 2023.

Dole a faɗi gaskiya a nan: ba kowane gida ne zai iya bin wannan hanya ba. Makarantar kwana mai tsada, ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, uba da ya san sirrin horar da jiki, duk sun taimaka. Yaron wani ƙaramin gari a Saskatchewan, wanda iyayensa ba su da wannan hali, sau da yawa CHL ce kaɗai ƙofar da yake gani, kuma a wancan lokacin shigarta ke rufe masa ɗayar.

Watanni kaɗan bayan zaɓen Celebrini sai katangar da ke tsakanin CHL da jami'o'i ta fara tsagewa. A Agustan 2024 wani matashin ɗan wasa, Rylan Masterson, ya maka NCAA a kotu a jihar New York, yana cewa wasannin share fage biyu da ya buga wa Windsor Spitfires ta OHL sun haramta masa jami'a. A Nuwamba NCAA ta sauya dokar, ta ce daga 1 ga Agustan 2025 'yan CHL na iya bugawa a babban rukunin jami'o'i.

Ba a daɗe ba aka ga tasirin. Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse da ke Yukon, ya jagoranci Medicine Hat Tigers ta lashe kofin WHL a 2025, sannan a watan Yuli ya sanar da komawa Jami'ar Penn State. Hanyoyi biyun da aka ce wa Celebrini ya zaɓi ɗaya, McKenna ya bi su a jere. Yanzu damuwar ta koma kan USHL da ƙananan gasannin Kanada da suka rayu da tanadar wa jami'o'i 'yan wasa, domin yaron Vancouver mai shekara sha biyar ba shi da sauran dalilin dole na tsallakawa Chicago.