Wa Ke Riƙe da Fensirin? Tambayoyi Kan Koyar da Zanen Gini da Wariyar Launin Fata a Amurka

A wasu jami'o'in Amurka, ɗalibin da ke koyon zanen gine-gine ba a barinsa ya ƙare karatu a kan tebur. Ana tura shi unguwa ko ƙauye, ya zauna da mutanen wurin, su tsara abu tare, su gina. Masu wannan tsari suna cewa hanya ce ta yaƙar wariyar launin fata da danniya. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ma ya kamata a yi mata tambayoyi.

Me ya haɗa zanen gini da wariya? Ai bulo ba shi da launin fata.

Bulo ba shi da shi, amma mai cewa a aza shi nan, kada a aza shi can, yana da nasa. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka mai kula da bashin gidaje, HOLC, ta zana taswirorin birane fiye da 200. Ta raba unguwanni kashi huɗu da launi: kore, shuɗi, rawaya da ja. Unguwannin baƙaƙen fata kusan duk ja aka shafa musu, ma'ana wurin da ba da bashi ke da haɗari. Bankuna suka riƙa guje wa irin waɗannan unguwanni, mutum ba ya samun rancen saye ko na gyara, gida ya lalace, sai kuma a nuna lalacewar a ce ga hujja. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje.

Bayan taswira sai titi. Da aka kafa dokar gina manyan hanyoyin tarayya a 1956, injiniyoyi suka nemi inda ƙasa ke da araha kuma mazaunanta ba su da bakin magana. A birnin New Orleans akwai titin Claiborne, kasuwar baƙaƙen fata ce kuma dandalinsu, da manyan itatuwa jere a tsakiya. A 1966 aka sare itatuwan, aka ɗora gadar sama a kan titin. Shaguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi wa unguwar Overtown a Miami da ta Rondo a Saint Paul.

Wanda ya san Kano ko Zariya ba zai ji wannan baƙon abu ba. Turawan mulkin mallaka sun ware wa kansu unguwa, abin da muke kira GRA, suka tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Wani ne ya zauna da fensir ya ja wannan layin.

Su masu zanen ba su taɓa cewa uffan ba?

Yawancinsu ba su ce ba. A 1968 Whitney Young, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta National Urban League, ya tsaya gaban babban taron masu zanen gine-gine na Amurka a birnin Portland, ya faɗa musu ido da ido cewa a fafutukar neman 'yanci ba a san su da komai ba sai shiru mai ƙara kamar tsawa. Maganar ta yi musu zafi. Tun kafin nan an fara buɗe ƙananan ofisoshi a unguwannin talakawa, irin na Harlem a New York a 1964, inda mazauna unguwa ke samun mai zane kyauta don su ƙalubalanci tsarin hukuma da nasu tsarin. Bayan jawabin irin waɗannan ofisoshi suka yaɗu. Amma har yau baƙaƙen fata ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na masu lasisin zanen gini a ƙasar ba.

A aikace, yaya irin wannan karatu yake?

Misalin da ya fi shahara shi ne Rural Studio, wanda Samuel Mockbee da abokin aikinsa D. K. Ruth suka kafa a 1993 ƙarƙashin Jami'ar Auburn. Sun kwashe ɗalibai daga harabar jami'a suka kai su gundumar Hale a yammacin jihar Alabama. Tsohuwar ƙasar auduga ce da bayi suka noma, jikokinsu kuma suna nan, da yawa cikin gidajen da ke yoyo.

Ɗalibi yakan tare a can. Shi zai je gaisuwa, ya zauna a baranda, ya ji abin da mai gida ke so, ya zana, a ce masa ba haka ba, ya koma ya sake. Sannan shi zai haƙa tushe, ya kwaɓa siminti, ya hau ya buga kwano. Gidan farko da suka gama a 1994, na wasu tsofaffi ne miji da mata masu riƙon jikoki, da damman busasshiyar ciyawa aka ta da bangonsa aka yi masa yaɓe. Wani wurin ibada da tsofaffin tayoyin mota cike da ƙasa aka gina shi. Zauren taron ƙauyen Mason's Bend na shekarar 2000 kuwa, da gilasan tsofaffin motocin Chevrolet da aka kwaso daga wurin 'yan gwangwan aka rufe gefensa.

Mockbee ya rasu a ƙarshen 2001, Andrew Freear ya gaje shi, aikin ya ɗan sauya fuska. Aka rage gine-ginen ban mamaki, aka koma ga abin da gari ke buƙata: ofishin 'yan kwana-kwana da ɗakin karatu a garin Newbern, filin wasan yara, da ƙaramin gida mai araha da suka sa wa suna 20K, wato na dala dubu 20, gwargwadon bashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya. Farashin kaya ya daɗe da tsallake wannan adadi, sunan ne ya saura. A ganina wannan sauyi ya fi gilasan mota muhimmanci, ko da yake gilasan ne ake ɗauka hoto. Ofishin 'yan kwana-kwana ba ya burge mujalla, amma shi ke hana gidan katako ƙonewa ƙurmus kafin mota ta iso daga wani gari.

Wannan ba sadaka ce kawai ba? Yaran farar fata su zo su koyi aiki a kan talaka, su tafi da takardar shaida.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba ta da amsa mai sanyaya rai. Gaskiya ne yawancin ɗaliban fararen fata ne, masu karɓar gidajen kuma yawancinsu baƙaƙe. Wanda aka ba gida kyauta da wuya ya buɗe baki ya ce bangon ciyawa bai yi masa ba. Mai roƙo ba ya zaɓe. Ɗalibi zai tafi da suna, mai gida kuma shi zai kwana da kuskuren ɗalibi shekara talatin.

Abin da ya ɗan wanke Rural Studio shi ne zama. Shekara fiye da talatin suna wuri guda, idan rufi ya yi yoyo an san ƙofar da za a buga. Amma zama kaɗai bai isa ba. A 1969 wata ma'aikaciya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar da jama'a cikin tsare-tsare da tsani mai matakala takwas. A ƙasa akwai yaudara, inda ake tara mutane don a ce an tara su. A tsakiya akwai sanarwa da jin ra'ayi, ka yi magana a rubuta, a je a yi abin da aka riga aka shirya. Can sama ne jama'a ke riƙe da kuɗi da yanke hukunci. Mafi yawan abin da jami'o'i ke kira haɗin gwiwa da al'umma a tsakiyar tsanin yake tsayawa. Gwajin mai sauƙi ne: idan mutanen unguwa suka ce a'a, aikin zai tsaya? An biya su lokacin da suka ɓata suna yi wa ɗalibai bayani, ko ruwan leda aka raba musu?

Baƙaƙen fatan sai da aka zo aka koya musu?

Ko kusa. A jihar Alabaman nan dai, wani malami baƙar fata, Booker T. Washington, ya buɗe makarantar Tuskegee a 1881 ba ta da ginin kirki. Ɗalibai, 'ya'yan waɗanda aka 'yanta daga bauta, su suka haƙo yumɓu suka gasa tubali. Sau uku gashin yana lalacewa, har Washington ya jinginar da agogonsa don a sake gwadawa. A 1892 Robert Taylor, baƙar fata na farko da ya kammala karatu a shahararriyar jami'ar fasaha ta MIT, ya zo yana zana gine-ginen makarantar, ɗalibai suna ginawa. Shekara ɗari ke nan kafin Rural Studio.

A 1900 kuma masani baƙar fata W. E. B. Du Bois da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta suka zana jadawali kusan 60 da hannu, masu launi, suka kai baje kolin duniya na birnin Paris. Sun nuna yawan gonakin da baƙaƙen fata suka mallaka, da yadda iya karatu ya ƙaru a cikinsu bayan bauta. A zamanin da ake kawo 'yan Afirka wuraren baje koli don a yi kallonsu, su alƙaluma suka kawo.

Dole sai gini?

A'a. Bayan ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown a garin Ferguson kusa da Saint Louis a watan Agustan 2014, Antionette Carroll ta kafa ƙungiyar Creative Reaction Lab a Saint Louis, tana koya wa matasa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka dabarun tsara mafita ga matsalolin unguwanninsu, bisa cewa wanda ya rayu cikin matsala shi ma gwani ne a kanta. A New Orleans, da aka sauke gumaka huɗu na tunawa da masu kare bauta da fifikon farar fata a 2017, Bryan Lee da Sue Mobley suka jagoranci aikin Paper Monuments: suka riƙa tambayar mutanen gari wa ya cancanci a tuna da shi, masu zane suna mayar da amsoshin fastoci ana mannawa a bango da tashoshin mota.

An ce idan unguwa ta yi kyau, masu ita ne ke fara barinta.

Yana faruwa. A gyara lambu, a shimfiɗa hanyar keke, kuɗin haya ya tashi, waɗanda aka yi dominsu su tattara. Zane ba ya maganin wannan, mallakar ƙasa ce ke yi. Mutanen unguwar Dudley a Boston, baƙaƙe da 'yan Latin Amurka da 'yan asalin tsibiran Cape Verde, sun kafa ƙungiya a 1984 lokacin da unguwarsu ta cika da kangwaye da juji. Su suka ɗauki masu tsara gari aiki, ba hukuma ba, suka fitar da nasu tsarin. A 1988 birnin ya ba su ikon karɓe filayen da masu su suka yi watsi da su. Ƙasar tana hannun amintattun unguwa, mutum ya sayi gidan da ke kai amma ba zai sayar da shi da tsadar da ta fi ƙarfin maƙwabcinsa ba.

To gadar Claiborne fa, an rushe ta?

Tana nan. An yi shekaru ana nazari da taruka, mazauna unguwar da kansu sun rabu biyu: wasu na so a sauke ta, wasu na tsoron idan aka sauke ta 'yan kasuwar filaye za su zo su kore su karo na biyu. A halin yanzu ƙarƙashinta ake taruwa ranar biki, masu kakaki da ganguna suna son yadda sauti ke amsawa a jikin siminti. A kan ginshiƙan gadar kuma masu zane na unguwar sun zana hotunan itatuwan da aka sare.