Korar mai shaye-shaye ba ta raba shi da ƙwaya

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar an gano yaro yana shan tiramol, sai ka ji manya suna cewa a fita harkarsa, a hana shi cin abinci da 'yan'uwansa, wai in ya ji zafin kaɗaici zai dawo hanya. An daɗe ana wannan kuskure, kuma yana ci mini rai, domin kaɗaicin nan sau da yawa shi ne ya fara tura yaron ga ƙwayar.

Tiramol dangin hodar heroin ne. Yana taɓa wurin da ke sa mutum jin natsuwa a ƙwaƙwalwa, wurin da hira da mahaifiya ko zama cikin abokai ke taɓawa. Saurayin da ya bar ƙauyensu ya zo birni tuƙa babur, yana kwana shi kaɗai, ba mai tambayar ko ya ci abinci, ƙwaya ce ke cike masa wannan gurbi.

Sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam sun nuna haka. Binciken wata masaniya Ba'amurkiya, Lee Robins, a shekarun 1970 ya gano kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da heroin a can, amma da suka koma cikin iyalansu, mafi yawansu ba su sake kamuwa ba.

Ƙwaya tana da nata kamun a jiki, kuma barinta kwatsam yana wahalarwa, don haka asibiti dole ne. Amma wanda aka kora daga gida, wa zai raka shi asibitin? Masu sayar masa ne kawai suka rage suna yi masa sannu da zuwa.