Mutanen Indo-Turai da Farkon Wayewar Ƙasar Sin

Indo-Turai suna ne da masana harshe suka raɗa wa wani babban dangin harsuna da ya haɗa Farisanci, Hindi, Girkanci, Rashanci da Turanci. Yawancin masana na ganin asalin masu wannan harshe makiyaya ne da suka zauna a filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku da Tekun Kasbiya. Wani reshe nasu ya yi gabas tun da wuri, ya kafa al'adar Afanasiyebo a tsaunukan Altai wajen shekara ta 3300 zuwa 2500 kafin Miladiyya. Daga nan ne, da kuma daga makiyayan da suka biyo bayansu, wasu abubuwa suka riƙa gangarawa zuwa kwarin Rawayen Kogi, inda daulolin Sin na farko suka tashi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce karusa, keken yaƙi mai ƙafa biyu da dawaki ke ja. Mafi tsufa da aka tono tana cikin kaburburan Sintashta, kudu da tsaunukan Ural, wajen shekara ta 2000 kafin Miladiyya, kuma ana danganta mutanen wurin da masu harshen Indo-Iran, wani reshe na dangin Indo-Turai. A Sin kuwa sai wajen 1200 ta bayyana, a Anyang, babban birnin daular Shang na ƙarshe, a zamanin Sarki Wu Ding. Ta bayyana ne a kammale. Ba a samu wata tsohuwar amalanke a ƙasar da za a ce daga ita aka fara koyon ƙira ba, kuma kafin lokacin doki na gida bai yawaita a yankin ba. Ƙafafunta ma suna nuna inda ta fito: karusan Masar da Mesofotamiya sanduna huɗu zuwa takwas ke cikin ƙafarsu, na Shang kuwa sukan kai goma sha takwas ko fiye, irin waɗanda aka tono a Lichashen ta Armeniya. A ramukan da aka binne karusan da dawakansu akan tarar da wuƙaƙe masu ƙota mai siffar kan dabba, ƙirar makiyayan arewa. Kabarin Fu Hao, matar Wu Ding wadda ta jagoranci mayaƙa, da aka buɗe a 1976, shi ma yana da irin waɗannan wuƙaƙe da madubai na tagulla.

Sarakunan Shang sun fi amfani da karusa wajen farauta da nuna isa. Mutanen Zhou da suka kayar da su a yaƙin Muye wajen 1046 kafin Miladiyya ne suka mayar da ita ginshiƙin yaƙi, har aka zo ana auna ƙarfin ƙasa da yawan karusanta.

Alkama, sha'ir, tumaki da shanu su ma daga yammacin Asiya suka shigo, yawanci tsakanin 3000 da 2000 kafin Miladiyya. Sai dai sun bi ta hannun al'ummu da yawa, ba za a jingina su ga kabila ɗaya ba. Haka batun tagulla: kayan ƙarfen al'adar Qijia a Gansu, arewa maso yammacin Sin, sun yi kama da na makiyaya, amma manyan tukwanen ibada na Shang ana zuba su ne cikin mazubin yumɓu mai ɓangarori, dabarar da maƙeran Sin suka ƙware a kanta su kaɗai. Mafi girmansu ya haura kilo 800.

Akwai kuma mutanen Tokariya. A farkon ƙarni na 20 aka samo rubuce-rubuce a Kucha, Karashar da Turfan, a yankin Xinjiang na yau, yawancinsu na addinin Buddha daga ƙarni na 5 zuwa na 8 na Miladiyya. A 1908 Emil Sieg da Wilhelm Siegling suka nuna cewa harshen rubuce-rubucen, wanda ake kira Tokariya, na dangin Indo-Turai ne. Masana da dama na ganin daga gare shi Sinanci ya aro kalmar zuma.

An daɗe ana zaton busassun gawarwakin Kwarin Tarim na Xinjiang, irin ta macen Loulan da aka gano a 1980, kakannin waɗannan mutane ne, saboda dogon hancinsu da launin gashinsu. Wannan zato ya yi rauni a 2021, lokacin da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa na farko-farkonsu 'yan asalin yankin ne, ba su da jinin Afanasiyebo, duk da cewa suna cin alkama suna yin cuku. Kamannin fuska dama ba ya faɗin harshen da mutum ke yi.

Masu cewa baƙi daga yamma ne suka kafa wayewar Sin sun wuce gona da iri. Irin geron Sin da shinkafar Asiya a can aka fara noma su, siliki nasu ne, rubutun da aka sassaƙa a ƙasusuwan duba na Anyang ba shi da alaƙa da wani rubutun yamma, kuma harshen Sin ba na dangin Indo-Turai ba ne. Aron fasahar doki dai bai tsaya kan karusa ba: a 307 kafin Miladiyya Sarki Wuling na ƙasar Zhao a arewacin Sin ya umarci mutanensa su sa wando irin na makiyaya, su koyi harba kibiya daga kan doki.