Gahawar Biyetnam mai ƙanƙara

Gahawar Biyetnam mai ƙanƙara, wadda masu ita ke kira cà phê sữa đá, abin sha ne da ake haɗawa da baƙar gahawa mai ƙarfi, da madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, da ƙanƙara. Ana tace gahawar ɗigo-ɗigo ta wani ɗan mataci na ƙarfe mai suna phin, wanda ake ɗorawa a bakin kofin gilashi. An fi danganta ta da birnin Saigon, wato Ho Chi Minh na yanzu, da sauran kudancin ƙasar inda zafi ba ya ɗaga ƙafa duk shekara, amma babu lardin da ba a shan ta. A Hanoi da arewacin ƙasar nâu đá ake ce mata. A ƙetare kuwa, galibi a ƙananan shagunan iyalan 'yan Biyetnam ake cin karo da ita, kafaɗa da kafaɗa da burodin bánh mì da sauran abincin da ake ƙunshe wa mutum ya tafi da shi.

Zuwan gahawa da madara

Mutanen Biyetnam mashaya shayi ne tun fil azal. Gahawa baƙuwa ce da ta biyo Faransawa. Yawancin marubuta na cewa 'yan mishan na ɗarikar Katolika ne suka shigo da irinta a 1857, ko da yake ba a fara noman ta gadan-gadan ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka buɗe gandaye a arewa da tsakiyar ƙasar. Nau'in arabika suka fara da shi, bai kuwa ji daɗin wurin ba, domin zafi da laima da cutar tsatsar ganye sun dame shi. A farkon ƙarni na 20 aka kawo robusta, nau'in da asalinsa dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka ne, mai jure zafi da cuta. Daga shekarun 1920 noman ya koma tuddan tsakiyar ƙasar, musamman lardin Dak Lak da kewayen garin Buon Ma Thuot, inda jar ƙasa mai asali da aman wuta ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Bafaranshe ya saba da gahawa da madara, ga shi kuwa ya zo ƙasar da ba a kiwon shanu don nono; saniya da ɓauna na huɗa ne da jan kaya. Ko an sami nonon ma, kafin rana ta take ya lalace. Madarar gwangwani mai sukari, wadda Ba'amurke Gail Borden ya yi wa rajista a 1856, ita ta toshe wannan giɓi, tunda tana watanni a ajiye ba tare da firji ba. Ƙanƙara ma a zamanin Faransawan ta samu: ana danganta masana'antar ƙanƙara ta Victor Larue a Saigon da shekarar 1875.

Abin da ya sa haɗin ya zauna daram shi ne kowane ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Robusta ɗaci gare ta, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta, wato mai hana barcin nan da ake samu a goro, ya kusa ninka na arabika. Madarar tana kashe ɗacin, ƙanƙarar tana sassauta kaurin madarar, ƙarfin gahawar kuma ba ya barin ta salance idan ƙanƙarar ta narke. Da gahawa mai sauƙi aka yi wannan haɗi, da ruwan sukari kawai za a sha.

Madarar da ta fi suna a ƙasar ita ce Ông Thọ, mai hoton wani tsoho a jikin gwangwanin. Kamfanin Foremost ne ke yin ta a kudanci kafin 1975. Bayan haɗewar kudanci da arewacin ƙasar gwamnati ta karɓe masana'antar, sunan ya koma hannun Vinamilk da aka kafa a 1976.

Yarjejeniya da Jamus ta Gabas

Yaƙin Biyetnam da ya ƙare a 1975 ya bar gandayen gahawa a wargaje, tsarin gonakin gwamnati da ya biyo baya kuma bai tsinana abin kirki ba. Taimako ya ɓullo ta inda ba a zata ba. A 1975 jaura ta ƙone gonakin Brazil, farashin gahawa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, Jamus ta Gabas kuma, wadda ba ta da isassun kuɗin waje, ta shiga tsaka mai wuya. A 1977 hukumominta suka fito da wani gauraye mai suna Kaffee-Mix, kusan rabinsa ba gahawa ba ne, jama'a suka yi masa tofin Allah tsine. Don kada a maimaita, gwamnatin ta ƙulla yarjejeniya da Biyetnam a 1980, aka ƙara wata a 1986. Jamusawa suka kawo motoci da injuna da kayan ban ruwa zuwa Dak Lak, suka horar da ma'aikata, bisa sharaɗin za a riƙa ba su rabin amfanin gona har shekara 20. Sai dai itacen gahawa ba ya gaggawa. Kafin girbi ya kankama, a 1990 Jamus ta Gabas ta narke cikin haɗaɗɗiyar Jamus, gonakin suka zama na Biyetnam ita kaɗai. Har gobe Jamus na sahun gaba a masu sayen gahawar ƙasar.

Bunƙasa bayan 1986

Sauyin tattalin arziki na Đổi Mới da aka fara a 1986 ya sakar wa manoma mara su noma su sayar don kansu. Abubuwa suka zo a jere: a 1989 tsarin duniya na ƙayyade kason gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ya rushe, a 1994 Amurka ta ɗage takunkumin cinikin da ta ƙaƙaba wa Biyetnam, a shekarar kuma sanyi ya sake yi wa Brazil ɓarna, farashi ya hau. Dubban iyalai daga kwaruruka da bakin teku suka yi tururuwa zuwa tuddai, kowa ya sheme daji ya dasa. Zuwa wajen 1999 ko 2000 Biyetnam ta sha gaban Kolombiya, ta zama ta biyu a duniya bayan Brazil, kuma ta ɗaya a robusta. A 2001 farashi ya faɗi warwas, manoman gahawa daga Habasha har Amurka ta Tsakiya suka ji a jikinsu, wasu suka ɗora alhakin a kan yawan abin da Biyetnam ta kwararo kasuwa, wasu suka ce laifin ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya.

A 'yan shekarun nan ƙasar na samar da abin da ya haura tan miliyan 1.5 a shekara, fiye da kashi 90 cikin 100 robusta ce, kuma mafi yawa daga hannun ƙananan manoma masu kadada ɗaya ko biyu. Kaso mai tsoka na tafiya masana'antun garin gahawar nan mai narkewa nan take. Ana noma arabika kaɗan a wurare masu tsayi irin su Da Lat da Son La.

Yadda ake haɗa ta

Phin abu huɗu ne: faifai mai huji-huji da ke zama a bakin kofi, ɗan kwano mai huji a gindi, madanni, da murfi. Na alminiyam ne ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ba ya buƙatar lantarki ko takardar tacewa, kuma kofi ɗaya yake yi a lokaci guda.

Mai haɗawa kan fara tsiyaya madara kamar cokali biyu a gindin kofin gilashi. Sai ya zuba garin gahawa cokali biyu zuwa uku a cikin kwanon, wanda aka ɓarza bai yi lukui ba, ya girgiza ya daidaita, ya ɗora madanni. Ruwan zafi kaɗan ake fara zubawa, a dakata kamar rabin minti garin ya sha ya kumbura, sannan a cika a rufe. Daga nan sai jira. Ɗigon yakan ɗauki minti huɗu zuwa shida, baƙi wuluk yana taruwa a kan farar madarar ba tare da sun gauraya ba, har a ga layi tsakaninsu ta jikin gilashin. Idan ruwan ya zube da sauri, garin ya yi tsakuwa ko madannin ya yi sako-sako. Idan ya tsaya cik, an danne shi fiye da kima. Da ya gama, sai a kifar da murfin a ɗora kwanon a kai don kada ya ɓata tebur, a juya da dogon cokali har launin ya koma ruwan ƙasa, a juye a wani kofi da aka cika da ƙanƙara.

Suyar gahawar ma tana da nata salo. Ana soya ƙwayar har ta yi duhu sosai, masu suya da yawa kuma kan sa bota ko sukari ko ɗan gishiri, wasu har da ɗigon ruwan tsumammen kifi ko barasar shinkafa, kowane gida da sirrinsa. A shekarun ƙunci an riƙa ƙara soyayyar masara da waken suya don auki, har wasu tsofaffi suka saba da wannan kauri suna ganin shi ne gahawa ta gaskiya.

Kafin phin ya mamaye ko'ina, talakawan Saigon, musamman a unguwar Sinawa ta Cho Lon, da matacin ƙyalle mai dogon hannu suke tacewa a tukunyar ƙasa kan gawayi. 'Yan shagunan da suka rage suna haka ba su da yawa. Cheo Leo, wanda ake cewa an buɗe a 1938, yana cikinsu.

Dangoginta

Idan babu madara, đen đá ce, baƙa da ƙanƙara. Bạc xỉu kuwa madara ce da ɗan gahawa, daga shagunan Sinawan Saigon ta fito. Wadda ta fi labari ita ce gahawar ƙwai ta Hanoi: ana cewa Nguyen Van Giang, ma'aikaci a otal ɗin Metropole, shi ya ƙirƙiro ta a 1946 da madara ta yi wuya, ya kaɗa gwaiduwar ƙwai da sukari har ta yi kumfa ya ɗora a kan gahawa. Zuriyarsa na riƙe da shagon Giang har yau. Akwai mai gishiri da ake dangantawa da birnin Hue, da mai madarar kwakwa, da mai kindirmo. Waɗannan na baya-bayan nan ne.

Shagunan iyali da abincin ɗauka

Ainihin gidan wannan gahawa bakin titi ne. Gidajen biranen Biyetnam sirara ne masu zurfi, ɗakin gaba shago, iyali a baya ko a bene. Tun da asuba uwar gida ta tace gahawa mai yawa ta ɗura a kwalabe, domin mai sauri ba zai jira phin ba. An jera kujerun roba 'yan tsugunno a gefen hanya, kowa ya juya fuskarsa titi, kuma akan haɗa wa mai zama da kofin shayi mai sanyi mara sukari, sau da yawa kyauta. Mai babur kuwa ko sauka ba ya yi: ya tsaya, ya faɗi abin da yake so, a miƙo masa kofin roba a cikin 'yar leda mai hannu, ya rataya a ƙahon babur ya ƙara gaba.

Abokin tafiyarta bánh mì ne, shi ma gadon Faransawa: dogon burodi mai ɓawo ƙaras-ƙaras da ciki mara nauyi. Ana tsaga shi a shafa niƙaƙƙiyar hanta da bota ko mayonis, a sa nama, da karas da wata farar saiwa da aka tsuma a ruwan tsami, da kokwamba, da ɗanyen barkono, da ganyen koriyanda, a naɗe a takarda a ɗaure da roba. Shagon Hoa Ma na Saigon, da wasu ma'aurata 'yan arewa suka buɗe a 1958, yana cikin waɗanda ake cewa su suka fara sayar da shi a haka. Irin waɗannan shaguna kan sayar da xôi, wato shinkafa mai danƙo, da cơm tấm na ɓarzajjiyar shinkafa da gasasshen nama, da gỏi cuốn, ganye da jatan lande a naɗe cikin fallen shinkafa. Naman alade ya yi yawa a wannan abinci, har cikin hantar da ake shafawa, don haka Musulmi kan nemi shagunan 'yan ƙabilar Cham da na halal da ke kusa da babban masallacin titin Dong Du da kasuwar Ben Thanh a Saigon.

A ƙasashen waje

Ɗaruruwan dubban mutanen da suka bar ƙasar bayan 1975, da yawa a ƙananan jiragen ruwa, sun isa Amurka da Ostareliya da Faransa da Kanada ba jari ba harshe. Shagon burodi da gahawa sana'a ce da iyali za su iya riƙewa da hannunsu, iyaye a madafa, yara a kanta bayan an tashi makaranta suna yin tafinta. Haka unguwanni irin su Little Saigon a Kaliforniya, da Cabramatta a Sidni, da Footscray a Melbon suka cika da su. Lee's Sandwiches, wanda yanzu ke da rassa da dama, da motar sayar da abinci ta wani iyali ya faro a San Jose a farkon shekarun 1980.

Takunkumin ciniki ya hana gahawar gida isa Amurka har 1994. 'Yan gudun hijirar da suka sauka a New Orleans suka tarar da gahawar Café du Monde, mai baƙar suya da gaurayen cikori, wata saiwa da ake soyawa a haɗa da gahawa, suka ga ta yi kusa da abin da suka baro. Daga nan gwangwaninta mai ruwan ɗorawa ya bazu a shagunan 'yan Biyetnam na faɗin Amurka, har wasu ke zaton cikori na cikin asalin haɗin, alhali a can gida ba kasafai ake sa ta ba.

Manyan kamfanoni

Trung Nguyên, da aka kafa a Buon Ma Thuot a 1996, da Highlands Coffee su ne suka fi shahara a cikin gida. Starbucks ya shiga ƙasar a 2013.

Taƙaddama

Faɗaɗar gonaki a tuddan tsakiya ta cinye dazuzzuka, ta kuma haddasa rikicin filaye tsakanin baƙin manoma da ƙabilun asali irin su Ede da Jarai. An yi zanga-zanga a yankin a 2001 da 2004, gwamnati da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun sha bamban kan musabbabinta. Ban ruwan rani yana janye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hukumomi kan kai samame lokaci-lokaci kan masu sayar da jabun gari na masara da waken suya da sinadaran ƙamshi. A 2023 Tarayyar Turai, babbar kasuwar gahawar ƙasar, ta zartar da dokar hana shigo da kayan da aka noma a filin da aka sare daji, daga baya aka ɗage ranar fara aiki da ita.